Makullin Dosiye: Tarihin Takardun Ma'aikatan Yuraniyom a Arlit

A Arlit komai da lambarsa. Gidan ma'aikaci da lamba, motar kamfani da lamba, shi kansa ma'aikacin akwai lambar da takardar albashi ta san shi da ita. Gangar da ake ɗura garin yuraniyom a ciki, wannan mai ruwan ɗorawa, ita ma da lambarta da nauyinta da ranar da aka rufe bakinta. A da, shekara da shekaru ana bin sawun kowace ganga tun daga bakin masana'anta, ta bi hanyar Tawa, ta shiga Benin, ta hau jirgin ruwa a Kwatano har ta sauka Faransa. Garinmu gari ne na rubutu da ajiya, ko da yake akasarin waɗanda aka rubuta sunayensu ba su taɓa zama a aji ba.

Abin da nake so mu duba tare, ƴan uwa ɗalibai, shi ne makulli. An rubuta, mun yarda. To wa aka yarje wa ya buɗe ya karanta? Wa ke da ikon ƙara layi ko gyara shi? Musamman a kan takarda guda, wadda muke kira dosiye, ƴan uwanmu na Najeriya kuma su ce fayil, wato kundin lafiyar ma'aikaci.

Sirri ya riga garin zuwa. A 1957 ne masu binciken ƙasa na Faransa suka ci karo da yuraniyom a Azelik, alhali tagulla suka fito nema. A ranar 24 ga Afrilu 1961, ko shekara ba mu cika da samun mulkin kai ba, Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar tsaro da Faransa, kuma a cikin abin da aka liƙa mata akwai maganar ma'adinai masu muhimmanci ga tsaro, har da yuraniyom, inda aka ba Faransa fifiko. Kun ga ke nan tun kafin a kafa tubali ɗaya, an riga an jera ƙarfen nan a sahun kayan soja. An kafa SOMAÏR a 1968, aka fara gina Arlit a 1969, aka fara fitar da kaya a 1971. COMINAK ta biyo baya a 1974, da raminta na ƙarƙashin ƙasa a Akuta mai zurfin kusan mita 250, ta fara fitar da kaya a 1978, aka gina mata Akokan. Uwar kamfanonin a Faransa ta yi ta sauya suna kamar mai gudun bashi, daga CEA zuwa COGEMA a 1976, Areva a 2001, Orano a 2018.

Wanda ya tashi a can ya san yadda aka yanka garin. Unguwar manya daban, da kantinta da wurin shaƙatawarta. Unguwar leburori daban. Can gefe kuma garin da ya tsiro da kansa, na masu tireda da ƴan ga-ruwa da masu neman aikin yini. Kowace ƙofa da mai gadi, kowane mai shiga da kati. Babba yana iya ratsawa ta unguwar ƙananan ma'aikata duk lokacin da ya ga dama, amma ɗan lebura ba ya leƙa ta manya sai da dalili.

Na yi dariya ranar da malaminmu na kwamfuta ya kawo mana darasin tsaron rumbun bayanai. Ya ce a 1973 wasu Amurkawa biyu, Bell da LaPadula, sun tsara wa sojan ƙasarsu ƙa'idar da ta shahara: kowace takarda da matakinta, kowane mutum da matakinsa, na ƙasa ba ya karanta abin da ke sama da shi. Na ce a raina, ai wannan tsarin unguwanninmu ne, har mun riga su da shekara huɗu. Amma malamin ya ci gaba. Ya ce wannan ƙa'ida sirri kawai take tsarewa, ba ta damu da ko abin da ke cikin takardar gaskiya ne ba. Shi ya sa a 1987 wasu biyun, Clark da Wilson, suka kawo wata: a raba aiki, kada mai rubutawa ya zama shi ne mai tantancewa, kuma duk wanda ya taɓa takarda ya bar sawu. Ta farko Arlit ta iya ta kamar Fatiha. A ta biyun ne ake da magana.

Mu buɗe dosiyen mu gani. Takarda ce mai gurabe, kowane gurbi da abin da ake cikawa. Suna da lamba. Ranar ɗauka. Wurin aiki, ko cikin rami, ko wajen niƙa dutse, ko inda ake ɗura gari, ko biro. Sakamakon awon shekara, hoton ƙirji da awon jini. Sannan gurbin da ya fi kowanne nauyi, wato adadin radiyasiyo da jiki ya sha. Radiyasiyo wani irin tururi ne da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. A cikin rami babban abin tsoro shi ne iskar radon da ƙurar dutse, waɗanda ke shiga huhu su zauna. Ana rataya wa ma'aikaci ɗan ma'auni a jiki, dozimeta, bayan wani lokaci a karɓa a kai ɗakin awo, a fitar da lamba a rubuta a gurbinsa. Lambar wata a haɗa ta zama ta shekara, ta shekara a haɗa ta zama ta rayuwa.

Me ya sa wannan lamba take da tsada haka? Saboda ciwon dajin huhu ba ya zuwa da takardar shaida. Yana iya bayyana bayan shekara ashirin, mutum ya riga ya ajiye aiki ya koma ƙauyensu a ƙasar Tawa ko Damagaram. Likitan da ya gan shi can zai tambaye shi ko yana shan taba, shi ke nan. Idan iyalinsa suna so asusun CNSS ya karɓi ciwon a matsayin ciwon aiki, sai sun nuna inda ya yi aiki, shekara nawa, da abin da ya shaƙa. Duk wannan yana cikin gurabe biyu ko uku na takardar da ke wani kabad mai nisan kilomita ɗaruruwa. Wani abin kuma, ma'aunin kansa ya sauya. Kafin 1990 hukumar duniya mai ba da shawara kan radiyasiyo ta yarda ma'aikaci ya sha har milisibat 50 a shekara. A 1990 ta sauke shi zuwa 20 a matsakaicin shekara biyar. Wato lambar da aka rubuta a 1983 aka ce lafiya lau, yau in aka karanta ta sai a ɗaga gira. Tsohuwar takarda ba ta mutuwa, ƙara nauyi take yi.

To a hannun wa take? Kowane kamfani ya gina asibitinsa, SOMAÏR a Arlit, COMINAK a Akokan. A faɗi gaskiya, asibitocin nan sun yi wa jama'a rana. Ma'aikaci da iyalinsa kyauta ake duba su, mutanen gari ma suna zuwa, har daga daji ana kawo marasa lafiya, a lokacin da babu kamarsu a duk arewacin ƙasar. Ni kaina a can aka yi mini allurar rigakafi. Sai dai tsarin ya tara abubuwa huɗu a hannu ɗaya. Wanda ya ba ka ma'auni, wanda ya rubuta lambar, wanda ke biyan likitan da zai faɗi sunan ciwonka, da wanda zai biya diyya idan ciwon na aiki ne, duk gida ɗaya ne. Ba sai an zargi wani likita da rashin tsoron Allah ba. Ko waliyyi aka sa a wannan kujera, tsarin ya ba kura ajiyar nama, kuma ko kurar ba ta ci ba, babu mai iya rantsewa a kanta. Sai a 1998 Nijar ta kafa cibiyarta ta musamman mai kula da radiyasiyo, CNRP. Shekara 27 ke nan da fara fitar da kaya.

Wanda ya fara buga ƙofar daga ciki ma'aikaci ne. Almustafa Alhasan, ma'aikacin SOMAÏR, ya ga abokan aikinsa suna mutuwa da cututtukan da ba a yi wa iyalansu bayani ba, sai shi da wasu suka kafa ƙungiyar Aghirin'man a farkon shekarun 2000. Su ne suka gayyato masu awo masu zaman kansu na CRIIRAD da lauyoyin ƙungiyar Sherpa daga Faransa a watan Disamba 2003. Da saukarsu filin jirgin Yamai aka karɓe manyan na'urorin awonsu. Ku lura da wannan fa. Hana buɗe kabad mataki ɗaya ne. Hana wani ya yi nasa awon ya buɗe kabad na biyu, wannan mataki ne na gaba. Duk da haka sun iso Arlit da ɗan abin da ya rage musu, suka auna tarkacen ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa, irin waɗanda ake rufin ɗaki da su ko a ƙera kayan gida, suka sami masu ɗauke da radiyasiyo. Rahoton Sherpa na 2005 ya kawo shaidar mutanen da suka ce a asibitocin ba a faɗa wa mai ciwon daji ainihin sunan ciwonsa, sai a kira wani ciwon. Kamfani ya musanta, ya tsaya a kan cewa ba a sami ciwon dajin da radiyasiyon aiki ya jawo ba. A Nuwamba 2009 Greenpeace ta zo, ta ce huɗu cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba sun haura ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ta sami wuri a titin Akokan da radiyasiyonsa ya kai ninki 500 na abin da aka saba.

Wannan gardama, da za a iya zama a lissafa, da tuni an kashe ta. A Faransa an bi sawun masu haƙar yuraniyom fiye da 5,000 shekaru da dama, ana haɗa abin da kowa ya shaƙa da abin da ya kashe shi, aka buga sakamakon kowa ya karanta, aka ga ciwon dajin huhu ya fi yawa a cikinsu. Tun 2002 doka ta ba kowane majinyaci a can ikon karɓar dosiyensa kai tsaye. Tun 2005 kuma lambobin radiyasiyon ma'aikata suna taruwa a rumbu ɗaya na ƙasa, a hannun hukumar da ba ita ke biyan albashinsu ba. Dutse ɗaya, uwar kamfani ɗaya, huhun ɗan Adam ɗaya. Masaniyar tarihi Gabrielle Hecht, a littafinta na 2012 kan yuraniyom ɗin Afirka, ta nuna yadda ma'aikatan nahiyarmu suka kasance a wajen manyan binciken da duniya ta gina ma'auninta a kansu. Wanda ba a lissafa shi ba, in an zo kawo hujja sai a ce babu hujja.

An yi yunƙurin raba makullin. A 2009 Areva ta yi yarjejeniya da Sherpa kan kafa cibiyoyin sa ido a kan lafiyar tsofaffin ma'aikata, ɗaya a Munana ta ƙasar Gabon, ɗaya a jihar Agadas. Tamu, OSRA, ta fara a ƙarshen 2011, da wakilan gwamnati da na kamfani da na ƙungiyoyin farar hula, tana kiran tsofaffin ma'aikata awo kyauta. A takarda abin ya yi kyau, hannu uku a kan makulli ɗaya. Amma a Disamba 2012 Sherpa ta janye, ta ce iyalan Faransawa biyu kawai aka biya diyya, babu ɗan Nijar ko ɗan Gabon ko ɗaya.

Shari'ar wani Bafaranshe ta ƙara fito da abin fili. Ya yi aiki a COMINAK daga 1978 zuwa 1985, ciwon dajin huhu ya kashe shi a 2009. Iyalinsa suna da likitan da ba na kamfani ba, suna da lauya, suna da takardunsu a hannu. A Mayu 2012 kotun Melun ta ɗora wa Areva laifi. A Oktoba 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta rushe hukuncin, ta ce a takarda COMINAK ce ta ɗauke shi aiki, kamfani ne na Nijar, Areva mai hannun jari ce kawai. Gurbi ɗaya, wanda aka rubuta sunan mai ɗaukar aiki, shi ya juya shari'ar. In haka ta faru da mai lauya a Paris, ina ga gwauruwar da ke Bukoki?

Bari in ɗan ratse, don abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. A Janairu 2003 shugaban Amurka ya tsaya gaban majalisarsa ya ce Iraƙi ta nemi yuraniyom a Afirka. Akwai wasu takardu masu tambarin Nijar da ke nuna wai an yi cinikin tan 500. A ranar 7 ga Maris 2003 shugaban hukumar nukiliya ta duniya, Muhammad el-Baradei, ya gaya wa Kwamitin Sulhu cewa takardun jabu ne. Ɗaya daga cikinsu, mai kwanan watan shekarar 2000, tana ɗauke da sunan ministan harkokin waje da ya bar kujerar tun 1989. Cikin ɗan lokaci ƙwararru suka gano, saboda takardun ganga akwai masu tantance su a ƙasashe da yawa, kowa da nasa kwafi. A shekarar nan dai, a Disambanta, aka karɓe na'urorin waɗanda suka zo auna ƙurar da muke shaƙa.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a ɓalle kabad kowa ya karanta. Wallahi a gari irin namu wannan bala'i ne. Kowa ya san kowa, ma'aikacin asibiti maƙwabcinka ne, shugabanka na aiki kuna sahu ɗaya a masallaci. Layi ɗaya ya fita, a ce wane yana da ciwon sida, ko matar wane ta yi ɓari sau uku, aure ya mutu, baiko ya watse. Sirrin likita rahama ce. Matsalar ita ce sirrin da aka yi don kare majinyaci daga idon jama'a yana iya juyewa ya kare ma'aikata daga idon majinyaci, kuma kalma ɗaya ake amfani da ita a duka biyun. A nan ne amfanin takarda mai gurabe yake. Ba dole ne a buɗe duka ko a rufe duka ba, ana iya sa wa kowane gurbi nasa makulli. Mai dosiye ya ga komai nasa, bayan ransa magadansa su ga abin da ya shafi haƙƙinsu. Shugaban aiki ya ga layi ɗaya tak, ya iya aiki ko bai iya ba. Mai bincike na jami'a ya ga wurin aiki da lambar radiyasiyo da sanadin mutuwa na dubban mutane, an goge sunaye. Gurbin radiyasiyo kuwa, da zarar an rubuta, kada kowa ya iya gogewa, in gyara ya kama a ƙara sabon layi da sunan mai gyaran da ranar. Kwamfuta ta iya wannan tun kafin a haife mu. Ko da biro da rajista ma ana iyawa, in ana so.

Dokoki kuwa muna da su, ba laifi. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010, lokacin da yake aiki, a aya ta 150, ya ce a buga yarjejeniyoyin ma'adinai gaba ɗayansu a jaridar gwamnati, da kuɗin da kowane kamfani ya zuba. A Fabrairu 2011 aka fitar da dokar ba ɗan ƙasa damar ganin takardun hukuma. A Mayu 2017 aka yi dokar kare bayanan mutum, wadda ta haifi hukumar HAPDP, aka sabunta ta a Disamba 2022, kuma ta ba kowa ikon neman abin da aka ajiye a kansa. Amma bayan yarjejeniyar Mayu 2014 tsakanin gwamnati da Areva, ƙungiyar ROTAB ta shekara tana kukan ba a buga ainihin kwangilolin haƙar ba. In ayar tsarin mulki ta sha wannan wuya wajen buɗe kabad a Yamai, sai a yi tunanin tsohon lebura da takardar koke a aljihu.

COMINAK ta rufe a ranar 31 ga Maris 2021, bayan ta fitar da kusan tan 75,000, ta bar tudun tarkace na kusan tan miliyan 20. Ma'aikatanta kusan 600 sun sami kuɗin sallama da alkawarin ci gaba da awon lafiya. Ma'aikatan ƴan kwangila, su kusan 700, sun yi ta zanga-zanga don ba a sa su a wannan lissafin ba. Su ne mafi rauni a maganar takarda, domin sunan da ke gurbin mai ɗaukar aiki na wani ƙaramin kamfani ne. Kawuna ya yi shekara goma sha ɗaya yana wa irin waɗannan ƴan kwangila aiki, ba sai na kira suna ba. Mai kamfanin ya nade tabarmarsa, biron ya zama shagon sayar da kayan waya. Da Kawu ya je neman takardunsa, mai shagon ya ce masa, "Baba, ni fanko na tarar da ɗakin." Abin da ke hannunsa yau shi ne tsohon kati mai hoto da takardun albashi guda tara a cikin leda, kuma duk lokacin da tari ya kama shi da dare sai Inna ta tashi zaune.

Yanzu makulli ya sake sauya hannu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an karɓe lasisin Imuraren a Yuni 2024, Orano ta sanar a Disamba 2024 cewa SOMAÏR ta fita daga ikonta, a Yuni 2025 kuma gwamnati ta mayar da kamfanin na ƙasa. Ana ta magana a kan ganguna, nawa ne a ajiye, wa zai saya, wace kotu ce za ta raba gardama. Ni dai a majalisun shayi ina jiran in ji an ambaci kabad. Mallakar ƙasa ba ta warware ƙullin da kanta, domin yanzu gwamnati ce mai ɗaukar aiki, ita ce mai sa ido, ita ce mai asusun diyya. Hannu ɗayan nan dai ne, ya sauya riga. Abin da ƙungiyoyin ƙwadago da ƴan farar hula na Arlit ya kamata su sa a saman takardar buƙatunsu shi ne a yi kwafin dukan lambobin radiyasiyo tun daga 1971, na ma'aikatan dindindin da na ƴan kwangila, a ajiye a hannun hukumar da ba ta sayar da yuraniyom, a nemo duk wani kwafi da ke wajen ƙasa a cikin kowace tattaunawa da Orano, sannan a buga wa kowane tsohon ma'aikaci nasa shafi a miƙa masa hannu da hannu. Wanda ya shiga ramin Akuta yana ɗan shekara 25 a 1978, yanzu ya haura saba'in.